Wayar da Na Ce Sai an Binne a Bango

Gidan na wani Bakware ne, Balarabe mai sayen gyaɗa, a bayan tashar jirgi a Nguru. Da ya koma Kano gidan ya daɗe a rufe, sai jemagu. Ni a lokacin malamin awo ne a kamfanin da ya gaji kantinsa. Manaja ya ce in gyara in shiga, za a ja mini wuta daga injin kanti. A garin nan kaf, in ka cire tasha da gidajen Turawa, masu lantarki ba su da yawa. Kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Iya tana Gashua. Ta ƙare ƙuruciyarta tana bandar kifi a bakin kogi, hayaƙi ya cinye mata ido. Fuska ba ta ganewa sai an matso, amma abu mai haske tana gani. Da na kai mata labari ta ce, "Fitila ba mai, ba lagwani? Kai dai da ƙarya tun kana yaro." Na rantse. Can ta ce, "To ka zo ka ɗauke ni in gani tun idon bai rufe ba." Ni ne ɗan farinta, ko sunana ba ta faɗa, balle ta roƙe ni wani abu. Wannan kaɗai ta taɓa roƙona. Na ce mata sati biyu.

Tsohuwar wayar gidan mai rigar zare ce, ɓeraye sun tsiraita ta, gara ta cinye katakon da aka manna ta a kai. Na ɗauko wani Bayarabe mai aikin waya a tasha. Ya ce a yaye duka a sa sabuwa a bisa bango, kan siririn katako, kwana uku ya gama. Ni kuwa na taɓa shiga gidan manaja, ban ga waya ko ɗaya a fili ba, duk tana cikin bango. Na ce haka nake so.

Ya ce, "Malam, wancan siminti ne. Wannan ƙasa ce."

Na ce, "Ni na ɗauko ka, ko kai ka ɗauko ni?"

Tsohon maginin da ke mana yaɓen katanga ya ajiye ƙasar hannunsa ya ce, "Ɗana, bangon nan ya girme ka. Kar ka tsage shi, ga hadari ya fara leƙowa." Na ce, "Baba, yi yaɓenka." Haka fa na ce wa sa'an ubana! Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Aka tsaga bango tun daga sama har ƙasa. Sai ga shi wayar da za a binne sai da bututu, bututun kuma sai an aiko daga Kano a jirgi. Muna cikin jira sai ruwan farko ya sauka. Da ma rufin yana yoyo, ruwa ya tarar mun share masa hanya. Bangon gabas ya zube har da azara, kuma shi ne na ɗakin da na ware wa Iya.

Ba a yin tubali da damina. Kafin kogi ya cika lori ta daina bin hanyar Gashua, ƙanwata ta aiko direba da saƙo: Iya ta ce a ɗauko ta haka, ko a zaure ta kwana, ta ga wutar kanti ma ya ishe ta. Na ce uwata ba za ta tsaya bakin kantin wani tana leƙe ba, a gidan ɗanta za ta gani. Nan na cuce ta. Rushewar bango ƙaddara ce in an so, wannan kuwa da bakina na yi.

Sai bayan kaka aka ta da ginin. Bayaraben ya dawo ya manna waya a bisa bango, kwana uku cif ya gama.

Na ɗauko Iya da ƙanwata a lorin gyaɗa. Na ga yadda ƙanwata ke riƙe da hannunta tana cewa "ga dokin ƙofa," na ƙi fahimta. Da magariba inji ya tashi. Na zaunar da ita kan tabarma daidai ƙarƙashin ƙwan lantarkin, na danna makunni. Ɗaki ya yi fari tas.

Ta ɗaga fuska wajen ƙofa tana jira. Ta ce, "To kunna mana."

Ƙanwata ta toshe baki da gyale. Na ce, "Iya, injin ne bai tashi ba. Sai gobe."

Ta ce, "Ga shi ina jin ƙuginsa."

Ta miƙo hannu, na ta da ita tsaye, na ɗaga hannun har kusa da ƙwan. Ta daɗe a haka.

"Ashe da zafi," ta ce. "To, ba ka yi ƙarya ba."

Ta shekara huɗu a ɗakin nan. Ba ta ƙara tayar da maganar ba, ni kuma ban taɓa iya buɗe baki na ba ta haƙuri ba.