Nauyin da Ya Zaunar da Taraktar Baba

Mahaifina siririn mutum ne. Idan ya sa babbar riga, iska ta fi shi cika ta. Wannan bai taɓa damun kowa ba sai a shekarar da ya sayi tarakta.

Yana da fili a Kwaciri inda ake buga bulon siminti, kuma babu abin da ke cin ransa a wurin kamar kwasar yashi daga bakin hanya, inda tifa ke zubarwa, zuwa inda ake kwaɓi. Da aka yi masa tallar wata tsohuwar tarakta 'yar ƙarama mai bokitin ƙarfe a gaba, wanda ke ɗiban kaya ya ɗaga sama, bai yi shawara da kowa ba. Lokacin na gama karatu ina jiran tafiya bautar ƙasa, ni ke kai masa abincin rana daga gidanmu na Fagge, shi ya sa ranar gwaji aka yi komai a kan idona.

Ya hau ya gyara zaman hula, ya tura bokitin cikin yashi ya cika shi taf. Da ya tsaya a nan da an rabu lafiya, amma Baba yana son masu wucewa su gani, sai ya ɗaga bokitin can sama kafin ya juya. Taraktar ta sunkuya a hankali kamar za ta gaida wani babba. Tayoyin baya suka bar ƙasa suna ta juyawa a iska. Baba ya rungume sitiyari da hannu biyu, hularsa ta faɗa cikin yashi. Allah ya taimaka hannunsa ya kai kan abin zubarwa, yashin ya zube, ta koma da baya ta dira tim.

Ya sauko yana kakkaɓe riga, ya ce yashin ne jiƙaƙƙe. Ya kuma ce babu amfanin in ɗaga wa Inna hankali da ƙaramar magana. Kafin in isa gida masu buga bulo sun riga sun kira ta a waya. Da ya dawo, sai ta ƙara masa malmalar tuwo, ta zauna tana kallonsa har ya cinye.

Washegari ya ɗauke ni muka tafi Sabon Gari wajen amininsa, wani Ibo mai walda da suka san juna tun suna samari. A Sabon Gari aka haife shi, kuma Hausarsa ta fi ta Baba fita, domin duk daɗewar gidanmu a Kano har yau harshen Baba bai bar Borno ba, idan ya yi sauri sai ya ce da mace "ya zo". Mutumin nan ƙato ne, kujerar shagonsa ma da kansa ya haɗa ta da ƙarfen kwana saboda na roba sun gaji da shi. Baba yana ce masa Oga, shi kuma yana ce wa Baba Alhaji, kuma ban taɓa ganin sun zauna minti kaɗan ba tare da ɗaya ya tsokani ɗaya ba.

Ya saurari labarin yashi jiƙaƙƙe har ƙarshe, sannan ya tambayi Baba me ke rataye a bayan taraktar. Baba ya ce babu komai, garma ce aka sayar masa da ita, ya cire tunda ba noma zai yi ba. Oga ya ce to ai ita ce ke riƙe da ita. Ya ɗauki ƙaramin ƙarfe ya ɗora a kan yatsarsa yana nuna mana: idan aka loda gaba aka bar baya fayau, dole baya ya tashi, ga shi birkin wannan mota duk a tayoyin baya yake, in sun bar ƙasa ba abin da zai tsayar da ita.

"Amma ai ina zaune a kanta," in ji Baba.

Oga ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Alhaji, nauyi nake magana."

Baba bai bari ta wuce ba. Ya ce tunda haka ne ai magani yana kusa, Oga ya rufe shago ya zo ya riƙa tsayawa a baya, za a riƙa ba shi abinci. Oga ya ce abincin nasa kaɗai zai rufe gidan bulon, kuma matarsa ba ta shirya zaman takaba ba. Daga nan suka dawo kan magana. Aka tsayar cewa Oga zai yanka duron ƙarfe gida biyu, ya yi wa rabin firam mai ƙarfi da kunnuwa uku da za su shiga inda ake maƙala garma, a cika shi da tarkacen ƙarfe, a zuba kankare ya ɗaure su wuri ɗaya. Ya ce a kai tayoyin baya wajen mai faci ya ɗura musu ruwa, shi ma yana ƙara zama. Tarkacen kuwa, Baba ya nemo da kansa.

Nan ne gidanmu ya fara sauƙi. Tsohuwar ƙafar keken ɗinki ta ɓace. Guntun rodin da muke tokare ƙofar zaure ya ɓace. Inna tana gani, har ta ce a kai masa murfin tukunyar ƙarfe da ya tsage. Ranar Lahadi da safe ta shiga kicin za ta niƙa kayan yaji, ta tarar da gurbin dutsen niƙanta, ɗan dutsen kawai aka bari a gefe.

Dutsen nan mahaifiyarta ce ta taho da shi daga gabas tun kafin a haife ni. Akwai injin markaɗe a gidan, akwai mai niƙa a bakin layi, amma yajin Inna ba ya bi ta ko'ina sai ta kansa. Ta yafa mayafi ta ce in taso. Kafin mu fita ta tsaya a lungun tsakar gida inda tsohuwar Besfar Baba take jingine ƙarƙashin buhu. Babur ɗin ya mutu tun ina firamare. An sayar da tayoyi, an ba wani kujerar, saura injin da gangar jiki, kuma duk shekara Baba yakan ce bayan Sallah zai tashe ta. Inna ta sa aka kira mai kura, aka ɗora injin.

Abin da ya ceci dutsen shi ne Oga ya tafi coci, ya kuma ce kada a zuba kankare sai ya zo ya duba waldarsa. Mun tarar da Baba a gidan bulo zaune a inuwa yana ta duba hanya, duron na gabansa, dutsen kwance a tsakiyar ƙarafa an yi masa mazauni sosai. Da ya hango Inna ya miƙe ya fara bayani, wai aro ya yi don ya gwada nauyi, kuma dama yana shirin sayo mata sabo a kasuwar Sabon Gari wanda ya fi wannan laushi.

Inna ta gaishe shi da aiki cikin ladabi, ta sa aka ciro dutsen aka ɗora a kura, aka sauke injin a gabansa.

"Alhaji, ga wanda ya fi shi nauyi," ta ce. "Kuma shi ba ya aikin komai."

Ana cikin haka Oga ya iso da kayan cocinsa, farar riga da takalmi mai sheƙi. Ya gaida Inna, ya ɗaga injin da hannu ɗaya ya jinjina, ya ce wannan shi ne daidai, dutse ma yana iya tsagewa. Baba ya ce injin nan lafiyarsa ƙalau, fulogi kawai yake so. Oga ya ce tun yana da gashi a ka yake jin maganar fulogin nan. Baba ya zagaya injin, ya murza wata ƙusa, ya goge ƙura da gefen rigarsa. Ba wanda ya hanzarta shi. Can ya ce a cire masa ƙaramin murfin gefe mai tambari, sauran a saka.

Aka zuba kankare, aka bar shi ya yi kwanaki yana shan ruwa har ya kama. Ranar da aka maƙala duron, Baba ya cika bokiti da yashi, ya ɗago shi kaɗan daga ƙasa kamar yadda Oga ya yi ta nanata masa, ya juya. Tayoyin baya suna ƙasa daram. Ya kai ya zube ya dawo, fuskarsa a ɗaure kamar dama haka ya saba. Da ya sauko ya ce da ni in lura, yashin yau busasshe ne.

Oga ya so a ɗora duron a sikeli a ga tsakaninsa da shi wa ya fi, Baba ya ce ba zai lalata sikelin mutane ba. Suka zauna a kan bulo suka raba abincin da na kawo, Oga ya ci kashi biyu, Baba ya ci ɗaya, ni kuma na tattara kwanuka na tari a-daidaita-sahu zuwa Fagge.