Ranar da na tura mahaifina Yamai ta Legas

Wasu shekaru da suka wuce na tafka wata wauta da har yau in na tuna sai na ja tsaki. 'Yar ƙanin mahaifina za ta yi aure a Yamai, inda suke zaune. Ubanta ya rasu, kuma kafin ya cika sai da mahaifina ya yi masa alkawarin shi da bakinsa zai ba da aurenta. Ranar Asabar da hantsi za a ɗaura.

'Yan gidanmu na Roni suka shirya tafiya ta Babura, su ƙetara Magarya, su hau doguwar mota a Damagaram. Ni kuwa, ɗan boko mai aiki a Kazaure, na ce atafau Baba ba zai sha wannan jijjigar ba. Na duba a waya, na ga daga filin jirgin Kano zuwa na Yamai ko awa biyu ba a yi.

"Baba, kafin shayinku ya huce kun sauka," in ji ni.

Ya ce, "To, kai ka san wannan."

Na san me? Na sayi tikiti wajen wani mai ofis a Kano, na ga Kano a farko, Yamai a ƙarshe, na ninke takarda na sa aljihu. Abin da ke tsakiya ko kallonsa ban yi ba.

'Yan mota suka tashi Alhamis, har ina yi musu dariya. Juma'a na raka Baba Kano. Da la'asar sai ga wayarsa.

"Kai, wai akwai teku a Yamai? Na hango ruwa ta taga."

Ashe Legas aka kai shi! Daga nan sai Lome, kuma jirgin Yamai sai washegari da azahar. Na kira mai tikiti, mutumin nan ko kunya babu ya ce, "Ai ba ka tambaya ba, ranka ya daɗe. Tazara daban, hanyar jirgi daban." Haba! Ka ga an rubuta shekarun tsoho, sai an roƙe ka za ka yi bayani? Na zazzaga masa masifa, amma na san rabinta ni ya kamata a yi wa.

A lokacin su Inna sun isa tuni, har sun yi wanka sun ci shinkafa.

Dangin ango sun zo daga nesa, liman ya zauna, ba a iya ɗaga auren ba. Wani maƙwabci ne ya tsaya a matsayin waliyyi. Kawuna da ke wurin ɗaurin auren ya kira Baba, ya ɗaga wayar sama don ya ji, Baba kuma yana kan kujerar ƙarfe a Lome da babbar rigarsa ta biki, cikin mutanen da ba ya jin yarensu, a haka ya shafa fatiha.

Tun daga nan ba na tambayar nisan gari, sai dai ta ina ake bi, kuma wa ya taɓa bi. Haushin kaina dai bai tafi ba. Da ma Baba ya zage ni, da na huta. Ranar da ya dawo na durƙusa ina ba shi haƙuri, sai ya ce, "Kai na yafe maka. Ƙanina ne ban san abin da zan faɗa masa ba."