Sadakar Geron Da Na Kai Bakin Titin Jirgi

Na daɗe da yarda cewa manyan al'amuran duniya a cikin mudu ake yanke su. Dauloli sun tashi a kan hatsi, sun faɗi a kan hatsi, ni kuma da nake rubuto muku wannan, gero ne ya kusa kayar da jirgin sama a kan idona. A lokacin ni tsohon malamin firamare ne a unguwar Sabo ta Ibadan, irin wanda ya bar alli amma alli bai bar shi ba, don ko a wajen zaman makoki sai na gyara wa mutum magana. Ticha ake kirana har yau. Na sami aiki a wani ƙaramin filin jirgi na 'yan kasuwa da aka gina can gaba da Akinyele, ba babban filin da kowa ya sani ba. Saboda ina jin Hausa da Yarabanci da Turanci, sai aka ɗora ni a kan masu yankan ciyawa da 'yan dako, yawancinsu 'yan'uwanmu ne da na kwaso da bakina daga Sabo da tashar Ojoo.

Filin an gama shi, amma jirgin fasinja bai taɓa sauka ba. Sai wani kamfani ya ce zai fara zuwa, da sharaɗin zai turo masu bincike su duba duk abin da zai iya jawo haɗari. In sun gamsu, aiki ya zauna. In ba su gamsu ba, kamfani ya nemi wani gari, ni da mutanena mu koma Sabo mu riƙa kallon juna. Wannan shi ya hana ni sukuni, domin akwai wanda ya ajiye baronsa a Ojoo saboda na rantse masa aikin mai ɗorewa ne. Na je wajen malaminmu a zawiya bayan la'asar na kai kukana. Ya ce in yawaita salati, sannan in riƙa watsa wa tsuntsaye gero kowace safiya, wai babu sadaka mai tsarki kamar ciyar da wanda ba zai taɓa ce maka an gode ba. Bai ce a ina ba, ni ma ban tambaya ba. Na yi amfani da ilimina: mai ciwon kai ba a ƙafa yake shafa magani ba. Tunda buƙatar a filin jirgi take, can sadaka za ta.

Na zaɓi bayan 'yar rumfar da muke salla, jikin wayar shinge, daidai inda titin jirgi ya ƙare. Ba a jima ba shugaban masu yankan ciyawa ya gan ni, wani dattijo mai bakin barkwanci da kowa ke kira Baba. Ya ce wato Ticha na so ya kwashe lada shi kaɗai kamar yadda ya kwashe Turanci. Washegari ya zo da dawa a aljihu. Sauran ma suka bi, wannan da tsakin masara, wancan da ragowar shinkafa, har suka sa wa wurin suna Bukar Ticha, wato gidan cin abincin Ticha. Kurciyoyi suka fara zuwa, sai tattabaru, sai hankaki, daga baya shirwa ta riƙa shawagi a sama tana duba na ƙasa. Ni kuwa duk safiya in na ga taron ya ƙaru sai in ce alhamdu lillahi, alamar karɓa ce.

Masu bincike suka iso. Shugabarsu wata Bayarabiya ce, gajeriya, mai magana a hankali, aka ce ta daɗe tana tuƙa jirgi kafin ta koma wannan aiki. Ba abin da suka bari: tsagar kwalta, fitilun titi, ruwan motar kashe gobara, ramin da kare zai iya bi ta ƙarƙashin waya. Allah ya sa da rana tsaka suka bi ta wajen rumfarmu, baƙina sun ci sun watse. Daga nan ta tara ma'aikata, aka ce in yi tafinta. Ta ce abin da ya fi ba matuƙi tsoro wajen tashi da sauka shi ne tsuntsu, domin in inji ya zuƙe shi yana iya mutuwa a sama da mutane cike a ciki. Ta ce tsuntsu ba ya zuwa banza, abinci ke kawo shi, ƙanana kuma su ke kawo manya, don haka duk wanda ya yar da ko ɓawon gyaɗa kusa da titi ya sani da rai yake wasa. Ni na mayar da wannan Hausa, kalma bayan kalma. Baba ya ɗaga hannu kamar ɗan aji uku, ya ce in tambayi Madam ko har da kurciya. A nan na yi abin da ya fi geron muni: na ce mata yana tambaya ne a kan tsawon ciyawa. Ta yi bayani mai kyau a kan ciyawa, ni kuma na juyo na ce masa e, har da kurciya.

Na yi niyyar in gyara ɓarnata a ɓoye. Muka daina watsawa, muka share, muka turbuɗe. Amma tsuntsu bai san an rufe buka ba, lokacinsa na yi zai sauko ya jira. Ga shi damina ce, ruwan Ibadan kuwa ba ya raina iri, geron da ya shige ciyawa ya tsiro sahu guda a jikin waya. Muna cirewa muna ganin wani. Abinci ya daina shiga cikina, matata ta ce ko dai na yi wani laifin ne, na ce aiki ne, ta ce ai laifi ma aiki ne. Sai ga sanarwa cewa za a kawo jirgi gwajin sauka, kuma da safe za a yi.

Ranar ina tsaye kusa da rumfa da sanda a hannu kamar mai gadin gona. Na kore su, suka koma kan waya suka jera suna kallona. Jirgin ya ɓullo, ya sauke tayoyi, ya yi ƙasa har ina hango kan matuƙi. Ƙarar ta iso, sai garken nan ya tashi gaba ɗaya, ya ratsa ta gabansa.  Abin da ke raina shi ne mutanen da ke ciki suna da iyali, kuma ba su san akwai wani Ticha a duniya ba. Matuƙin ya fasa sauka, ya ƙara wuta ya sake hawa, ya kewayo, sannan ya sauka lafiya. Ko gashin tsuntsu bai taɓa ba, amma ni na tsufa a wurin.

Madam ta tako har jikin waya, ta tsuguna ta tuge wani tsiro, ta tambaya wa ke noma a nan. Manajan filin bai tsaya dogon tunani ba, ya ce masu yankan ciyawa ne, a sallame su duka, kuma ni zan gaya musu. Baba, wanda ashe ya gano abin da na yi da tambayarsa, ya dube ni ya ce to Ticha, a juya mana da Hausa mu sha, amma wannan karon kada a sa ciyawa. Sai na faɗi gaskiya da harsuna uku, kuma a kowanne ba ta yi daɗi ba. Madam ta ce da Yarabanci ta ga filin da juji ya ɓata, ta ga wanda mahauta suka ɓata, amma ba ta taɓa ganin inda aka gayyato tsuntsaye da addu'a ba. Ta ce kakarta ma tana irin wannan sadaka, sai dai ita ba ta da titin jirgi a tsakar gida. Abin da ya fi ɓata mata rai tafintar nan ce, ta ce da na bar tambayar dattijo ta iso kunnenta, da ba ta bari a kawo jirgi da safe ba. Ba a kori kowa ba, amma aka ɗage fara jigila sai wurin ya rabu da tsuntsaye, aka tura rabin mutanena gida su jira. Mai baron nan ya koma Ojoo ya tarar wani ya gaje masa wuri. Har yau in mun haɗu yana gaishe ni, gaisuwar kuma ta fi zagi ciwo.

Da na koma wajen malam, ya ce shi tsakar gidana yake nufi, kuma da na tambaya da ya faɗa. Laifin ba na sadaka ba ne, nawa ne. Shi ya sa nake roƙon masu karatu, musamman irina da karatu ya sa muke jin kunyar tambaya: kyakkyawar niyya ba ta canja halin inji. In kana aiki inda ran mutane ke rataye, kada ka shigo da komai daga gida, ko alheri ne, sai ka tambayi masu wurin. In kuma aka ba ka amanar isar da magana, isar da ita ko da kai za ta kayar.

Yanzu jirage na sauka, an kira yawancin mutanena sun dawo. Ni an ɗauke ni daga tafinta an mayar da ni sashen korar tsuntsaye, da garwa da sanda. In abokan aikina suka fito, tsuntsaye tashi suke yi. In ni na fito, sauka suke yi.