Agogon Na'ura ta Bakwai

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, waya ta same ni a ɗakin bincike cewa Allah Ya yi maka rasuwa, Malam, bayan jinyar kwana shida. Na ajiye wayar na dubi kwamfuta, sai ga layukan girgizar ƙasa suna ta tsalle. Dutsen da ka shekara ashirin da shida kana sauraro ya fara motsi a makon tafiyarka.

Mai Kunne muke kiranka a bayan ido, kai kuwa ka sani sarai. Kai ka koya mini leƙa cikin dutse mai aman wuta ba tare da an fasa shi ba. Na'urori goma sha biyu muka binne kewaye da shi. In ƙasa ta girgiza, kowacce ta rubuta lokacin da motsin ya iso gare ta. Motsin nan gudu yake a dutse mai tauri, a narkakke kuwa sai ya ja ƙafa. Da wannan bambanci muke zana hoton cikin dutsen, kamar yadda ake yi wa mai juna biyu a asibiti. Kullum kana cewa hoto ba ya ƙarya, sai in agogo ya yi masa.

Shekara bakwai ke nan da na kawo maka hoto ina murna: narkakken dutse yana can ƙasa, nisan kilomita takwas, ba abin tada hankali. Shugaban gunduma yana jiran amsa, a kwashe mutanen ƙauyen gindin dutse ko a bar su. Ka daɗe kana kallon hoton, sannan ka ce, "'Yata, wa ya saita agogon na'ura ta bakwai?"

Na ce ni ce.

"Da idonki kika gani, ko da zuciyarki?"

Na faɗa maka gaskiya. Batir na canza, hadari ya taso, na sauko ban duba ba. Ba ka yi mini faɗa ba, wallahi da ma ka yi. Sandarka ka ɗauka. Awa huɗu muna hawa, gwiwarka a kumbure, ƙasa tana rawa a ƙarƙashinmu, hayaƙi yana shaƙe mu. Muka tarar agogon yana baya da rabin sakan. Rabin sakan kacal! Da muka gyara lissafi, narkakken dutsen ashe saura kilomita biyu. Aka kwashe mutum dubu huɗu. Bayan kwana uku toka ta binne makarantar ƙauyen har taga. A rahotonka ka rubuta "mun gano kuskure", ba ka ambace ni ba, kuma ba ka sake tada zancen ba har ka koma ga Mahaliccinka.

Malam, ina jin tsoro. Hoton da na zana jiya ya ce lafiya lau. Amma wancan makon an canza batirin ta bakwai muna asibiti a kanka, babu wanda zai rantse ya duba agogon. Sau uku shugaban gunduma yana kira, na ce ya ba ni zuwa gobe da azahar. Da sassafe zan hau, na ɗauko sandarka a bayan ƙofa.

Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka kurakuranka, Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, uwarmu, da 'ya'yanka biyar da jikoki, waɗanda yanzu haka suke karɓar gaisuwa a gidan da ka gina a gindin dutsen. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Inna, don Allah ku bar jakunkunanku a bakin ƙofa har in sauko.