Mintuna Biyar na Mama Makirfo

Ƙarfe bakwai saura kwata take buɗe ofishinta, wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, kusa da inda ake ajiye mutum-mutumin da muke koyon allura a jikinsa. Ta rataye jaka a ƙusa, ta goge tebur da kanta, ta ɗora kwamfuta a kan manyan littattafai uku don kyamara ta daidaita da fuskarta. Sai ta jawo takardar sunayen sababbin ɗalibai, ta fara kiran su a waya ɗaya bayan ɗaya. Ba sakatariya ba ce, kuma ba wanda ya sa ta. Ita ce malamar da ke kula da ɗaliban digirin aikin jinya, tun daga makon farko na gabatarwa da ake yi ta intanet har zuwa fita aiki cikin unguwanni. Mu ɗalibanta Mama Makirfo muke ce mata, a bayan idonta mana, domin maganar da ta fi fita daga bakinta ita ce: "Buɗe makirfo, ba ma jin ki."

Jiya aka yi mata taron ban-kwana, bayan shekara talatin da ɗaya tana aiki, sha huɗu daga ciki a wannan ɗan ofis. Ni kuwa tun da na dawo gida bakina ya ƙi rufuwa, har maigidana ya ce in dai ba zan bar shi ya ci abinci cikin kwanciyar hankali ba, in je in rubuta. To ga shi na zauna.

Wanda bai ga ranar farko ta ajinmu ba ya yi asarar dariya. Mu sittin ne, yawancinmu nas-nas masu difloma da suka daɗe a bakin aiki, da 'ya'ya, da ciwon baya. Allon kwamfuta ya cika da fankokin sama da ƙofofin hanci. Wata ta manta makirfonta a buɗe tana ta masifa a kan wanda ya bar famfo yana zuba, muka ji komai har da sunan mai laifin. Malama ba ta ko ɗaga murya ba. Ta jira aka kashe famfon, ta ce, "Madalla, an samu wadda ta iya buɗe makirfo. Saura hamsin da tara."

Haka ta bi mu, mutum-mutum. Wata abokiyar karatuna ta rantse min cewa Malama ta yi minti arba'in a waya tana nuna mata yadda ake tura aikin gida, danna nan, koma baya, a'a ba wannan ba, har aikin ya tafi. Waɗanda netwok ke wahalarwa kuwa, bayan kowane darasi takan naɗa musu muryarta ta tura, a taƙaice, don kada a bar su a baya.

Ni ba netwok ne matsalata ba. Na yi shekara goma sha ɗaya a sashen mata, kuma sunan da aka laƙaba min a can Sista To. Likita ya yi magana, to. Shugabar sashe ta yi magana, to. Hannuna ya iya aiki, jijiyar da ta gagari kowa ni ake kira, amma a ce in buɗe baki a gaban mutane in ce ga abin da za a yi, gara a ba ni aikin kwana uku a jere. Don haka da an zo kan sunana a aji sai hotona ya ɓace.

A rana ta huɗu wayata ta yi ƙara. Malama ce.

"Sista, ina kwana? Wannan netwok ɗin da ke ɗaukewa daidai lokacin da aka kira sunanki, ya dawo da zarar an wuce ki, na san shi. Tsohon abokina ne. Gobe ke za ki fara magana."

Na ce to.

Ke ce, Malama, mutum ta farko da ta ji wannan to ɗin nawa ba ta gamsu ba.

Ga inda abin ya tsaya min a wuya. Asibitinmu hutun karatu na shekara biyu cif ya ba ni, babu ƙarin ko mako ɗaya. A shekara ta biyu kuma akwai fita unguwa ta mako biyar. Ana raba mu biyar-biyar, kowa ya jagoranci tawagarsa na mako guda, wanda ya faɗi a jagoranci sai ya maimaita shekara. A wurina maimaitawa na nufin in tattara in koma bakin aiki babu digiri, bayan na yi shekara biyu ina hana 'ya'yana sakat da "ku yi shiru ina aji."

Tsarin Malama kuma na daban ne. Motar makaranta ta sauke mu a bakin unguwa da safe, direba ya ce sai ƙarfe biyu, ya tafi. Malama ba ta bin mu. Ta ce tana ofis, mai buƙata ya kira. Sannan ga dokarta da ta fi ba ni haushi: shugabar mako ba ta taɓa kayan aiki. Ba awon jini, ba cike fom, ba ko riƙe ma'auni. Waya kawai za ta riƙe, ta duba, ta yanke shawara, ta raba aiki. Ni da duk darajata a hannuna take, sai aka ɗaure hannun aka ce in yi da baki.

A tawagarmu akwai wata da muke kira Rediyo. Yarinya ce mai kirki da kaifin ƙwaƙwalwa, sai dai in ta fara magana sai an cire batir. Da makona ya zo, Litinin da Talata Rediyo ce ta zaɓi layin da za mu bi, ita ta raba gidaje, ni ina biye da waya a hannu kamar mai rakiya. Na ji daɗin hakan ma, ba zan ɓoye ba.

Ranar Talata da yamma, bayan mun ba da rahoto ta intanet, Malama ta sallami kowa ta ce in tsaya.

"Wa ya jagoranci tawagar nan yau?"

Na fara kame-kame, ta katse ni.

"Sista, ina ƙaunarki, amma ba zan ba ki makin da Rediyo ta yi wa aiki ba. Kina da zuwa Juma'a."

 Laraba ta zo ta wuce, abin da na iya cewa duk yinin bai wuce "mu tsallaka titi" ba.

Ranar Alhamis wajen ƙarfe sha ɗaya muka shiga gida na goma sha huɗu, wani gida mai ɗaki biyu a bayan shagon walda. Wata mai ciki wata takwas tana zaune a bakin ƙofa tana tsince shinkafa, uwar mijinta na wanki a gefe. Gida ashirin ake so mu gama a rana, kuma mun makara. Rediyo ta zazzago tambayoyin fom. Kina zuwa awo? Ina zuwa. An yi miki rigakafi? An yi. Kina shan maganin ƙarin jini? Ina sha. Ta cike kowane gurbi tsaf, ta rufe fayil, ta ce mu je. Fom ya ce lafiya ƙalau.

Ni da ba ni da abin riƙewa sai ido, na ga zoben matar ya nutse cikin yatsarta. Na ga tana runtse ido in ta kalli hasken tsakar gida, tana dafe goshi da bayan hannu. Na san wannan fuskar, na gan ta a gadon asibiti ba sau ɗaya ba. Har sun kai ƙofa na ji wata murya ta ce, "Ku dawo. A auna jininta." Sai da suka juyo suna kallona na gane tawa ce.

Ɗari da saba'in bisa ɗari da sha biyar. Aka sake aunawa, haka, jini ya hau matuƙa. Kanta na sarawa tun jiya, tana ganin wasu ƙyalli-ƙyalli. Duk nas ta san abin da ke biyo bayan wannan: jijjiga, kuma tana iya tafiya da uwa da ɗa.

Uwar mijin ta yarfe kumfa daga hannunta ta ce, "Haba 'yan nan, ciwon kai ne fa. Ni ciki bakwai na yi, wanne ne ban yi ciwon kai ba? Ku bari ɗana ya dawo da yamma."

Ido takwas suka dawo kaina. Na fita waje da sauri na kira Malama, na zayyana mata komai, muryata na rawa.

"Me kika gani?" in ji ta.

Na sake faɗa.

"To me za ki yi?"

"Malama, ke nake tambaya!"

"Ni ba na cikin gidan nan, Sista. Ke ce a ciki."

Ta kashe wayar. Wallahi a wannan minti na tsane ta. Na ce a raina wace irin mata ce wannan, tana zaune ƙarƙashin fanka tana wasa da ran mutum. Haushin ne ma ya kore tsoron. Na koma ciki na ce Rediyo ta kira direba yanzu-yanzu, ta faɗa masa maganar rai ce. Na sa ɗaya ta kwantar da matar ta gefen hagu a ɗaki, ta saki labule. Ɗaya ta rubuta takardar turawa asibiti da lambobin da muka samu, ɗaya ta karɓi lambar mijin ta kira shi. Ni kuma na durƙusa a gaban tsohuwar, gwiwata cikin ruwan wanki.

"Mama, shekara goma sha ɗaya ina karɓar masu ciki. Wannan ba irin naki ba ne. In muka jira yamma, ina tsoron ɗanki zai dawo ya tarar da abin da ba za ki iya faɗa masa ba. Ke za ki riƙe ta a mota, ba wanda zai taɓa ta sai kina gani. Ɗauko mayafinki."

Ta dube ni, ta dubi ɗakin. Ta ce, "To."

Ban gama miƙewa ba na ji hon a ƙofar gida. A asibiti kuma muka tarar da ma'aikatan ɗakin haihuwa a bakin ƙofa da gadon turawa. Na ce lallai yau muna da sa'a. Kafin magariba aka ciro 'yar jaririya, ƙarama amma da ƙarfin kuka, uwar ma ta tashi. Washegari Malama ta ba ni makina ba tare da wani dogon yabo ba, ta ce kawai, "Na ji muryarki." Yau shekara shida ke nan, kuma ni ke riƙe da wani ƙaramin asibiti mai ma'aikata tara. Amma ban taɓa daina jin cewa a ranar ta yi ganganci ba.

Sai jiya. Ana cikin jawabai, direban makaranta, dattijo mai furfura da ba mu taɓa jin ya ce komai ba sai "ku shiga mu tafi," ya miƙe ya ce a ba shi makirfo. Zaure ya ɗauki tafi tun bai fara ba.

Ya ce, "Shekara goma sha huɗu ina riƙe da maganar nan, yau kam ta yi ritaya, ba ta da ikon korata. Duk ranar da na sauke ku, ba makaranta nake komawa ba. Kwana nake shawa in ɗauki Malama a bakin titi, mu samu inuwa a bayan layin da kuke, mu zauna har ƙarfe biyu. Tana kujerar baya da jakar magungunan gaggawa a cinya. Ofis ɗin da take ce muku tana ciki, motata ce."

Ihu ya tashi, wasu suka miƙe tsaye. Malama ta rufe fuska da takardar shirin taro.

Ya nuno ni da yatsa. "Ranar waccan sistar kuwa, tana kashe waya ta kira ɗakin haihuwa ta ce su shirya. Ta ce in tayar da mota. Ta cire agogonta ta ɗora a gwiwa, ta ce minti biyar, in ba ku kira ni ba ita za ta shiga da kanta. Ƙafarta ɗaya tana waje. Da kira ya shigo sai ta dire, ta ce in yi maza, ita ta tari tasi ta biyo mu a baya don kada ku gan ta."

Ban san lokacin da na isa gabanta ba, ina dariya hawaye na zuba. Na ce, "Malama, ashe kina wurin? Shekara shida ina jin haushinki!"

Ta kama hannuna ta ce, "Da ran 'yar mutane zan koya miki darasi? Biyar na ba ki. Uku kika ci."

Ke ce uwar masu rawar murya, Malama. Ke ce kika san cewa ilimin yana nan a cikinmu, bakin ne kawai ya ƙi buɗewa, kuma kika yarda mu ji haushinki in dai za mu tsaya da ƙafafunmu. Na gode. Rediyo ta gode, ta ma faɗa jiya har sai da aka karɓe makirfo. Ɗaruruwan da suka bi ta hannunki, waɗanda yau suke riƙe da sassa da asibitoci, sun gode. Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki, ya saka miki da mafificin alheri.

Ku kuma 'yan'uwana manyan nas-nas da malamai, da duk wanda ake turo wa ɗalibi, mu ji kunya mu gyara. Yawancinmu kashi biyu ne: masu fizge aiki daga hannun ɗalibi da ya fara kuskure, da masu sakin sa su tafi shan shayi. Malama ta nuna mana akwai hanya ta uku, kuma ta fi wuya. Ni na gwada lissafa minti uku a agogona yau da safe, ina zaune lafiya a ɗakina, ba ran kowa a hannuna, sai da na gaji da jira. Ke kuwa kin zauna da maganin a cinyarki, ƙafarki a waje, kika hana kanki tashi saboda ni.