Mutumin da Ya Hana Ni Takardun Yayata

Duk mai fitowa sallar asuba a unguwar Mansur ta Makka ya san tafiyar Malam Kabo, don yana ɗan jan ƙafar hagu. Idan an sallame ba ya komawa gida. Yakan karya da ful, dafaffen waken nan na Larabawa, da gurasa a tsaye, ya miƙe har unguwar Tandabawi, ya hau bene zuwa iyadar Daktor Fu'ad, likitan nan mutumin Sham mai asibitin kansa, wanda ake kai wa masu rashin barci da firgita da baƙin cikin da ya ƙi sakin mutum. Ya buɗe tagogi, ya cika tulu, ya jera kujerun maza a zaure, na mata a bayan labule. Sannan ya ciro makullin da ke rataye a wuyansa, ya buɗe kabad ɗin ƙarfe, ya fito da malaf ɗin duk wanda zai ga likita ran nan, wato kundin da ake rubuta jinyar mutum a ciki. Shekara goma sha ɗaya yana wannan. Shi ne mai ajiyar takardu, shi ne kuma tafinta, don likitan ba ya jin Hausa, da yawanmu kuwa Larabcinmu na kasuwa ne, ba ya iya ɗaukar abin da ke cin rai.

A watan jiya ya ajiye aiki saboda idanunsa sun yi rauni. Na zuba kunne in ji wani ya ce an gode. Shiru. Mu da muke tara jama'a mu ci shinkafa don wani ya sayi motar haya! Shi ya sa ni Lurwanu tela na ajiye almakashi na ɗauki alƙalami. Kuma gara in faɗa tun yanzu, a duk Makka babu wanda ya taɓa ƙular da ni kamar wannan dattijo. Labarin na yayata Mairama ne, da izininta nake ba da shi.

A shekarar 1383 ta Hijira mijinta ya rasu a hatsarin mota a hanyar Jidda, ya bar ta da 'ya mai shekara biyu, Rumasa'u. Yaya ta daina barci, ta daina magana, sai ta wuni tana kallon bango. Muka yi addu'a, muka ba ta rubutu ta sha, daga baya muka kai ta iyada. Wata tara tana zuwa. Allah ya ba ta lafiya, ta koma suyar masarta a ƙofar gida, muka manta.

Bayan shekara huɗu sai ga Issoufou, wan marigayin, ya zo aikin hajji daga Damagaram. Wani mai dogon baki ya tsegunta masa cewa uwar yarinyar ta taɓa zuwa wajen likitan mahaukata. Mutumin ba mugu ba ne, tsoro ya ji. Ya je mahkama, wato kotu, ya ce a ba shi 'yar ƙanensa ya tafi da ita gida. Alƙali ya ce ba zai yi hukunci da jita-jita ba, a kawo masa abin da likita ya rubuta cikin mako uku, kafin jirgin ruwan alhazan ya tashi. In ba a kawo ba, Rumasa'u za ta haye teku, uwarta kuwa wa ya san ranar da za ta sake ganinta.

Washegari na hau benen nan da gudu.

"Baba Kabo, malaf ɗin Yaya Mairama na zo karɓa."

Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Ita ta aiko ka?"

"Ni ƙanenta ne, Baba. Ni ne namijin gidan."

"Na san ko kai wane ne, na ci naman sunanka. Cewa na yi ita ta aiko ka?"

Ba ta aiko ni ba. Ta ma rantse ƙafarta ba za ta sake taka wannan bene ba. Na yi masa bayanin alƙali da jirgi da komai. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Abin da ke cikin kabad ɗin nan daga bakinta ya fito, ba daga naka ba. Ta zo da kanta."

Na ɗaga murya, na faɗi maganganun da yau nake jin kunyarsu. Shi kuwa ya tsiyayo ruwa a tulu ya miƙo mini. Ban sha ba. Daga baya Zali mai shayi, wanda rumfarsa ke gindin benen, ya ba ni labari cewa Issoufou ma ya je ran nan da rana, ya yi roƙo ya yi faɗa, amsar da ya samu kawai ita ce, "Alhaji, ba na faɗin wanda ya zo nan da wanda bai zo ba."

Kwana uku ina lallashin Yaya kafin ta yarda ta yafa mayafi. Na ɗauka an gama. Ashe lokacin aka fara.

Daktor Fu'ad ya tafi hutu Sham, ya bar iyada a hannun ƙanin matarsa, wani Ustaz Nabil, mutumin da ban taɓa ganin ya ɗago kai daga jarida ba. Ya ce malaf dukiyar iyada ce, mu dawo bukra, wato gobe. Muka dawo washegari, ya ce sai da takarda daga mahkama. Muka kawo takarda, ya juya ta ya ce a nan an rubuta Maryam, a malaf kuwa Mairama, shi bai san mace ɗaya ce ba. Tana tsaye a gabansa! Aka gyara suna, ya ce ai hatimi yana cikin aljihun tebur a kulle. Aka samo makulli, ya ce shi ba zai taɓa hatimin likita ba sai likita ya ce. Sau tara muna hawa benen nan. Na ƙirga, don a hawa na bakwai na zauna a matakala na riƙe kaina, na ce wa Yaya ni dai ban san abin da zan ƙara yi ba.

Wanda ya san abin yi shi ne mutumin da na yi wa tsawa. Malam Kabo ne ya rubuta wa Yaya takardar neman malaf da Larabci mai kyau, ya karanta mata da Hausa, ta dangwala yatsa. Shi ne ya ja ƙafar nan tasa cikin zafin azahar ya je wajen magatakardan mahkama aka rubuta sunayen biyu a layi ɗaya. Shi ne ya je ya buga wa likita wayar tangaraho har Sham, ya riƙa zirga-zirga kwana biyar yana jiran amsa. Da amsar ta zo, likita ya ce a ba ta, ya ajiye takardar a kan jaridar Ustaz Nabil. Ustaz ya fusata, ya ce wa ya ba tafinta izinin damun likita a hutunsa, yau ɗin nan zai kore shi. Ina tsaye a wurin na ji amsar da kunnena.

"To, Ustaz. Ka kore ni bayan la'asar. Amma kafin azahar ka yarda a kwafa, ka sa hatimi."

Ustaz ya yarda ba don ya so ba, korar kuma ba a yi ta ba. Ba a fitar da ainihin malaf daga iyada, sai dai a kwafa da hannu. Shafi ashirin da shida ne. Kafin ya fara, Malam Kabo ya zaunar da Yaya ya ce ba zai rubuta abin da mai shi ba ta sani ba, zai fassara mata duka tukuna. Ya tambaye ta ko in fita. Ta ce in zauna.

A shafi na bakwai ya rage murya. A nan likita ya rubuta abin da ta faɗa masa a farkon ciwon, cewa wata rana ta ɗauki Rumasa'u har ƙofar Harami, ta yi tunanin ta ajiye ta a nan wani mai hankali ya ɗauka, ita kuma ta yi ta tafiya har inda ƙarfinta ya ƙare. Ban taɓa sanin wannan ba.

Na ce, "Baba, wannan shafin tsallake shi."

"A'a."

"Wa zai sani? Kai ne mai kwafa!"

"Ni zan sani. Hannuna ba ya rage ko wasali."

"Za su ƙwace yarinyar, Baba! Kai ne ka wahala kwana goma sha biyu a kan takardun nan, yanzu kuma da hannunka za ka kashe mu?"

Bai ko kalle ni ba. Ya juya wajen Yaya ya ce, "Mairama, zaɓi naki ne. Ko ki kai duka, ko kada ki kai komai. In kin ce a bari, zan mayar kabad in kulle, ba mai ji daga bakina."

Yaya ta ce ya ci gaba da karantawa har ƙarshe. Ya karanta ranakun zuwanta, sau talatin da takwas ba fashi, kullum da 'yar a goye. Ya karanta ranar da ta fara barci, da ranar da ta yi dariya don yarinyar ta zubar wa likita da tawada, da layin ƙarshe inda likita ya rubuta cewa ta warke sarai, ba ta bukatar dawowa.

Ta ce, "Baba, kwafe duka. Na faɗi maganar, gaskiya ne. Amma ban ajiye ta ba, na dawo da ita gida."

Kwana biyu ya yi yana kwafa, fuskarsa kusan manne da takarda. Ni kuwa kwana biyun nan ko gaishe shi ban yi ba.

Ranar shari'a alƙali ya fara da ƙirga shafuka, ya ga lambobinsu a jere, kowanne da hatimi. Ya karanta, ya tsaya a na bakwai, ya tambayi Yaya, ta amsa masa yadda ta amsa wa Malam Kabo. Ya karanta har ƙarshe. Sannan ya ce wa Issoufou, matar da ta kawo wannan shafi da hannunta ba ta ɓoye komai ba, likita kuma ya shaida lafiyarta, yarinya ta zauna wajen uwarta. A waje magatakarda ya gaya mini cewa da alƙali ya ga lamba ɗaya ta yi tsalle, da bai karɓi ko shafi ɗaya ba. Issoufou kuwa kafin ya tafi Jidda ya zo gida, ya nemi gafarar Yaya, suka ci masarta shi da Rumasa'u a kwano ɗaya.

Baba Kabo, kai ne ka hana ni abin da ba nawa ba, ka kuma ƙwato wa mai shi abin da yake nata. Kai ne rijiya mai murfi. Shekara goma sha ɗaya kukan mutanen unguwannin Mansur da Rusaifa yana bi ta bakinka ya shiga kunnen likita, ko ɗigo bai taɓa zuba a rumfar shayi ba. Da ka bi shawarata, da yau 'yar yayata tana wata ƙasa. Har yanzu in na tuna yadda ka ce mini "a'a" ba tare da ka ɗaga kai ba sai raina ya sosu, kuma har yanzu na san kai ne mai gaskiya. Na gode. Ka yafe mini tsawar da na yi maka.

Ku kuma jama'a, abin da ya fi ba ni haushi shi ne na san dalilin shirunku. Kuna gudun a ganku da shi a ce kun taɓa hawa benen. To, mun hau, mu da yawa, ciwo ne kamar kowane ciwo. Mutumin ya rufa mana asiri, mu kuma muna saka masa da kau da kai. Samarinmu da suka fara samun aiki a ofisoshi da asibitoci, ku dube shi ku koya. In an zo neman takarda, ku tambaya ta wane ne, ku gaya wa mai ita duk abin da ake bukata tun zuwan farko, kada ku rage, kada ku ƙara, kada ku ce bukra alhali yau ma za ta yiwu.

Ranar Juma'ar da ta wuce na same shi a ƙofar gidansa bayan la'asar. Na durƙusa na fara jero godiya, na ce har rubutu zan yi a kansa. Ya katse ni.

"Yarinyar tana zuwa makaranta?"

"Tana zuwa, Baba. Ta fara haɗa baƙi."

"To, shi ke nan. Tashi, kana tare mini iska."

Allah ya ƙara maka lafiya, Baba Kabo, ya haskaka maka idanu, ya rufa maka asiri duniya da lahira.