Abin da Ya Kira Sunan Ɗan Farina

Autata ce ta kawo mini wannan fitina, wata Asabar da hantsi, ina tsakar gida ina gyaran alkama. Kwamfuta ta karanta a jami'a. Ta zauna a bakin tabarma tana murmushi ta ce, "Umma, na yi miki 'yar biyu."

Ashe saƙonnin muryar da nake tura musu ta tattara ta ɗura wa wata manhaja, har abin ya koyi muryata da irin maganata. Wai babban yayansu, ɗan farina da ke aiki a ƙasar waje, shi ya roƙa, don ya samu abokin hira in wayata babu caji. Da yamma za ta tura masa.

Ni ba mai faɗa ba ce. A makarantar yaƙi da jahilci ma, malamarmu sai ta matso take jin karatuna. Amma da abin ya yi sallama da muryata, har da 'yar shaƙewar da nake yi in na ce "lafiya lau", sai na ji kamar na tarar da wata a ɗakina ɗaure da zanena.

Na ce ta ɗora wayar da abin yake ciki a kan turmi, ina da tambayoyi.

Na tambaye shi yadda nake alkaki. Ya lissafo komai tiryan-tiryan, ya manta tsamiya. Na ce ya zagi maƙwabciyata da akuyarta ke cinye mini zogale, ya ƙi, wai maƙwabci yana da haƙƙi. Wa'azi yake mini da bakina. Na tambayi lafiyar ƙanwar kakata ta Koki, ya ce tana nan ƙalau tana gaishe mu. Matar da ta rasu tun kafin a haifi auta.

"Maƙaryaci ne," na ce.

"Umma, bai sani ba ne."

"Wanda bai sani ba shiru yake yi."

Sai na yi masa tambayar da tun farko ita ce a raina. Na ce, "Wane ne babba a 'ya'yanki?"

Ya kira sunan. Gatsal, da muryata, har ya ƙara da cewa yana alfahari da shi.

Tun da na haifi yaron nan a gidanmu na Mandawari sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Haka na ga uwata ta yi da yayarmu. Ranar da ƙyanda ta kwantar da shi a asibiti, da aka tambayi suna ƙanwar mijina ce ta amsa, ni ina riƙe da ƙafarsa ina kallon bango.

Na ce wa auta, "A ina ya samu?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Ni na rubuta masa. Yaya ne ya ce a sa. Ya ce ko sau ɗaya yana so ya ji."

Na yi haƙuri, na gwada koya masa. Na gaya masa uwa tana kunyar ɗan fari. Ya ba ni haƙuri, ya yi alkawari, har ya yabi al'adar. Na juya tambayar, na ce wa ke ƙasar waje. Ya sake kira. Bayar da haƙuri ba ya yi masa wuya, don babu abin da ke damunsa.

Na sa ta goge shi a gabana. Ta yi ƙunƙuni, ta ce sati nawa ta ɓata a kansa. Na ce ta nuna mini inda yake, na ga babu.

Bayan la'asar ɗan farin nawa ya kira, auta ta gaya masa.

"Umma, me ya yi miki?"

"Rashin kunya ya yi da bakina."

Ina jin ƙarar motocin garinsu, ya ce, "Sunana ne rashin kunyar?"

Na ce, "Ka ci abinci?"

Ya ce ya ci. Ya yi sallama a gajarce, kuma Juma'ar da ta biyo bai kira ba, shi da bai taɓa tsallake ta ba.

Da na ji wani ɗan unguwarmu zai tafi can, na soya alkaki, da tsamiyarsa daidai yadda yake so, na cika bokitin roba. Mai tafiyar ya ce a rubuta suna a murfi, kaya sun yi masa yawa. Auta ta miƙo mini biro tana kallona, don ta san na iya rubuta shi sarai. Na daɗe riƙe da biron.

Na rubuta: na babbansu.

Alkakin ya isa. Shi kuma auta ya gaya wa, ba ni ba.